Tambaya da Amsa: Aiki ya samu a ƙasar waje, to ina za a kwana?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan watan daga Bauchi da Gombe kusan duk kan abu guda suke: an samu takardar ɗaukar aiki, biza ta fito ko tana hanya, amma maganar muhalli ta tsaya wa mutum a wuya. Mun zaɓi guda biyar.

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Tumfure, Gombe. Na samu aiki a wani asibiti a Manchesta, zan tashi nan da mako shida. Na ga ɗaki a Facebook a kan fam 450 a wata, hotunansa sun yi kyau ƙwarai. Mai ɗakin ya ce yana ƙasar Sifen, in tura kuɗin wata biyu ya ajiye mini, zai aiko da makulli. In tura?

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki tura ko sisi. Mai gida da ba ya gari, hoto mai ɗaukar ido, farashi ƙasa da na unguwa, sannan a ce ki biya kafin ki gani, wannan ita ce tsohuwar damfarar da aka fi yi wa baƙi a kowace ƙasa. Cinikin biri a sama ne. Hotunan galibi kwafo su ake yi daga tallar wani gida na gaskiya. In kina son ki tabbatar, ki nemi ya shiga ɗakin ya kira ki ta bidiyo, ya buɗe taga ya nuna miki titi da lambar gidan. Za ki ji uzuri ya fara fitowa.

Abin da ya kamata ki yi yau shi ne ki rubuta wa ofishin da ya ɗauke ki aiki, ki yi tambaya uku a rubuce: shin akwai masaukin ma'aikata, na mako nawa ne, kuma nawa za a riƙa cirewa daga albashi. Asibitoci da yawa a Ingila suna ba ma'aikatan jinya da suka ɗauko daga waje masauki na makonnin farko, wasu kyauta, wasu da kuɗi. Ko ɗakin ƙarami ne, ki karɓa. Wannan lokacin ne za ki buɗe asusun banki, ki samu takardar albashin farko, ki zagaya unguwanni da ƙafarki. Gidan da za ki daɗe a ciki, daga can ake nemansa, ba daga Gombe ba.

Idan lokacin nema ya yi, ga yadda lissafin yake a Ingila. Dokar 2019 ta hana dillali karɓar la'ada daga mai haya, saɓanin nan gida da dillali ke yankar kasonsa kafin ma ki ga makulli. Abu biyu aka yarda a karɓa kafin ki shiga, ban da kuɗin hayar kanta. Na farko kafin alƙalami, wanda ba zai wuce kuɗin mako ɗaya ba. Na biyu kuɗin ajiya na ɓarna, wanda ba zai wuce kuɗin mako biyar ba, muddin hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba. Mu ɗauka kin samu ɗaki a fam 600 a wata. Ki ninka sau 12, ki raba da 52, kuɗin mako ya kama kusan fam 138. Ajiyar mako biyar fam 692 ke nan. Ki haɗa da hayar watan farko, kina buƙatar fam 1,292 a hannu ranar shiga. Kafin alƙalamin da kika bayar akan lissafa shi a ciki. Duk wanda ya ce ki kawo fiye da haka da sunan kuɗin takarda ko kuɗin duba gida, ya saɓa doka.

Kuɗin ajiyar nan ba na aljihun mai gida ba ne. Dole ya saka su cikin kwana 30 a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, wato Deposit Protection Service, MyDeposits ko Tenancy Deposit Scheme, ya kuma ba ki shaida. Amma ki lura da wata 'yar ƙofa da mutane ke faɗawa: idan mai gidan yana zaune a cikin gidan tare da ke, kuna haɗa kicin ko banɗaki, to a doka ke 'yar zaman ɗaki ce, ba cikakkiyar mai haya ba. Wannan kariyar ba ta hau kanki ba, kuma zai iya sallamarki da gajeren wa'adi. Irin wannan ɗakin ya fi araha, shi ya sa baƙi ke rububinsa. Ba mu ce ki guje shi ba, amma a rubuta komai, har da ranar da za a mayar miki da ajiyarki.

Inda sabon zuwa ke shan wahala shi ne bincike. Dillalai da yawa suna so albashin shekara ya kai ninki 30 na hayar wata. Gida mai fam 900 yana son albashin fam 27,000 ke nan. Sannan ba ki da tarihin biyan bashi a ƙasar, don haka za a ce ki kawo mai tsaya miki. A da, wanda ba shi da mai tsaya masa akan ce ya biya wata shida gaba ɗaya. Sabuwar dokar masu haya ta 2025, wadda aka sanya 1 ga Mayun 2026 a matsayin ranar fara aikinta, ta taƙaita kuɗin gaba zuwa wata ɗaya. Makaminki shi ne wasiƙar asibiti mai nuna albashi da cewa aikin na dindindin ne. Ki kuma shirya lambar shaidar izinin zama da ake cirowa a shafin gwamnati, domin mai gida a Ingila dole ya duba ta kafin ya ba ki ɗaki. Wannan duk na Ingila ne. Sukotland tana da nata tsarin, can ajiya tana iya kaiwa kuɗin wata biyu.

Ɗaki a gidan haɗaka, shafin intanet na SpareRoom ake dubawa. Gida sukutum kuwa Rightmove, Zoopla ko OpenRent. A kowace talla, tambayarki ta farko ita ce ko kuɗin ya haɗa da wuta, gas, ruwa, intanet da harajin ƙaramar hukuma. Ɗakin fam 650 da komai a ciki ya fi na fam 520 da babu komai sauƙi, musamman daga Nuwamba zuwa Maris lokacin da dumama ɗaki ke cin kuɗi. Sanyin can ba irin hunturun Gombe ba ne da bargo biyu ke magancewa. In ke kaɗai ce a gida, ki nemi ragin kashi 25 cikin ɗari na harajin ƙaramar hukumar, ba a bayarwa sai an nema.

Ranar duba ɗaki ki leƙa bayan kabad da kusurwar taga. Baƙin tabo a bango fumfuna ce, alamar danshi, kuma sabon fenti a bango ɗaya tak yakan nuna an rufe ta ne. Ki nemi takardar binciken gas ta shekarar. Ranar shiga ki ɗauki hoton kowane tabo da karaya, ki tura wa mai gida ta imel a ranar, don kada a cire miki su daga ajiya in za ki fita.

Maganar unguwa kuma, mun san za a ce miki Longsight ko Cheetham Hill saboda masallatai da mahauta na halal. Gaskiya ne akwai su. Amma mai aikin dare da fitar asuba, motar da za ta kai ta asibiti ƙarfe bakwai na safe ranar Lahadi ita ce abin dubawa tukuna. Nama kya iya sayowa sau ɗaya a mako ki sa a firji. Tasi kullum kuwa sai ta cinye duk rangwamen da kika samu a haya.

Ni likita ne a Bauchi, ina Fadaman Mada da mata ɗaya da yara uku. Wani asibiti mai zaman kansa a Riyad ya ba ni zaɓi: ko su ba ni gida, ko su ba ni kuɗin gida. Wanne ya fi? Kuma in tafi da iyali tun farko?

Likita, shekarar farko ka karɓi gidan, ka kuma tafi kai kaɗai tukuna. Ga dalili.

Kuɗin gida a Saudiyya bisa al'ada kashi 25 cikin ɗari ne na ainihin albashi, ba na jimillar da aka faɗa maka da baki ba. In ainihin albashin riyal 8,000 ne, kuɗin gida 2,000 ne a wata, 24,000 a shekara. Ka duba wannan layin a kwantiraginka kafin ka amince da shi a Qiwa, manhajar gwamnati ta kwantiragin aiki, domin wasu sukan rage ainihin albashin su cika da alawus iri-iri, sai kason gida ya ƙanƙance. Sannan asibiti wata-wata zai riƙa ba ka, mai gida kuwa yawanci yana son na shekara ko kashi biyu, wata shida-shida. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutumin Bauchi, amma ka tambayi kanka daga ina riyal 12,000 ko fiye za su fito a watan da ko albashin farko bai shigo ba.

Ba kuma za ka iya ƙulla haya ta doka ba sai iƙamarka, wato katin izinin zama, ta fito. Hayar gida a can ana rajistarta ne a Ejar, tsarin gwamnati, kuma tun Janairun 2024 ta nan ake biyan kuɗin hayar gidajen zama. Yarjejeniyar da ba ta cikin Ejar ba za ta tsaya maka a gaban hukuma ba. Duk mai gidan da ya ce ku yi ta takarda kawai zai rage maka, ka gode masa ka wuce. La'adar dillali kashi 2.5 cikin ɗari ce na hayar shekarar farko. Tallace-tallace kuwa a manhajar Aqar aka fi samu, sai kuma allunan da ake liƙawa a jikin gine-gine da ƙananan ofisoshin dillalai na unguwa, inda sau da yawa farashi ya fi sauƙi in kana jin Larabci ko kana da mai yi maka tafinta.

Abin da ke ba sabon zuwa mamaki shi ne ma'anar gida babu kaya. Yana iya zuwa babu na'urar sanyaya ɗaki, sai rami a bango inda za a sa ta, kicin kuma babu kabad ko ɗaya. Riyad a watan Yuli ba wurin kwana babu sanyi ba ne, zafin Azare ma wasa ne a kansa. Ɗaki uku da falo na nufin na'ura huɗu, ga firji, ga murhu, ga gadaje. Na hannu ana samu a Haraj, shafin sayar da kayan hannu, amma duk da haka kuɗi ne. Ka kuma sani gine-gine a rabe suke, na masu iyali daban, na gwagware daban. Namiji shi kaɗai ba ko'ina ake ba shi ba.

Hayar Riyad ta yi tashin da har a Satumbar 2025 gwamnati ta hana ƙarin kuɗin haya a birnin na tsawon shekara biyar. Hakan ya tsayar da hawa, bai sauko da farashi ba. Kudancin birnin ya fi arewacinsa araha nesa ba kusa ba, sai dai ka auna nisan asibitinka da cunkoson safe.

Game da iyali, ma'aikacin kamfani mai zaman kansa yana biyan riyal 400 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. Uwargida da yara uku riyal 1,600 ke nan duk wata, kusan duk kuɗin gidan da muka lissafa a sama, kuma ba a zo maganar makarantar yara ba. Ka tambaya a rubuce ko asibitin zai ɗauki wannan nauyin. In ba zai ɗauka ba, ka yi wata shida, ka ga abin da ke saura a hannunka a zahiri, sannan ka aika musu.

Illa ɗaya ta gidan asibiti: ranar da aiki ya ƙare, gida ma ya ƙare. Ka nemi a rubuta kwana nawa za a ba ka ka kwashe kaya.

Ni matashi ne daga Azare. Wani ejan ya ce ya samo mini aikin gadi a Dubai, masauki kuma in na je zan samu na gado da araha. Mene ne wannan?

Ɗan'uwa, hayar gado ke nan, ba hayar ɗaki ba. Ɗaki ɗaya ake cika shi da gadaje masu hawa biyu, mutum shida, takwas, wani lokaci fiye, banɗaki ɗaya, kowa da katifarsa da ɗan wurin ajiye jaka. Akwai kuma wanda ake yanka falo da katako a fitar da ƙananan ɗakuna. Irin wannan yankan ba tare da izini ba haramun ne a dokar birnin, hukuma tana kai samame, kuma wanda ya karɓi kuɗinka yawanci shi ma ɗan haya ne da ba shi da izinin mai gida a rubuce. Ranar da aka zo, kai ne a titi, babu takardar da za ka nuna.

Amma abin da ya fi damun mu a wasiƙarka ba gadon ba ne. Kamfanonin gadi na gaskiya galibi su ke ba ma'aikatansu masauki da motar kai su aiki, kuma hakan a rubuce yake a takardar tayin aiki. Ejan da ya ce sai ka je za ka samu, ka tambaye shi wace irin biza ce. In ta ziyara ce, babu aiki a ƙasa tukuna. Nema za ka je yi, kana biyan gado daga kuɗin da aka sayar da gona ko babur aka haɗa maka, kuma yin aiki da bizar ziyara laifi ne. Ka nemi takardar tayin da sunan kamfani, albashi, da layin masauki. Don ka samu ma'auni: a Katar, tun Maris 2021 doka ta ce mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 ne, in kamfani bai ba da masauki ba ya ƙara 500, in bai ba da abinci ba ya ƙara 300. Wato masauki abu ne da ake rubutawa da lamba, ba alkawarin baki ba.

Ga masu albashi mai kauri da ke son gidan kansu a Dubai, lissafin daban ne. Mu ɗauka hayar shekara dirhami 48,000, a biya da cak huɗu. Cak na farko 12,000. Ajiya kashi 5 cikin ɗari in babu kaya, 2,400. In da kaya kashi 10. Dillali shi ma bisa al'ada kashi 5. Ajiyar DEWA, hukumar wuta da ruwa, dirhami 2,000. An kai 18,800 ke nan kafin a sayi katifa, ban da kuɗin Ejari, wato rajistar haya ta gwamnatin Dubai. Bayan haka akwai harajin gida na kashi 5 na hayar shekara da ake rarrabawa cikin takardar wuta, dirhami 200 duk wata a wannan misalin, kuma a wasu gine-gine kuɗin sanyaya daban ake biya. Shi ya sa da yawa ke zama a Sharja, garin da ke maƙwabtaka da Dubai, suna shigowa aiki, su biya bambancin da sa'o'insu a cunkoson hanya.

Injiniya ne ni daga Bajoga, na samu aiki a Jamus. Ina ganin farashi biyu a kowace talla, wanne zan biya?

Babban za ka biya, Malam. Ƙaramin, wanda suke kira haya mai sanyi, kuɗin bango da rufi ne kawai. Babban, haya mai ɗumi, ya haɗa da dumama, ruwa, kwashe shara da kula da gini. Wutar lantarki da intanet yawanci suna waje, haka kuɗin rediyo da talbijin na yuro 18.36 a wata kan kowane gida, ko kana kallo ko ba ka kallo. Ƙarin da ke cikin haya mai ɗumi ƙiyasi ne. Ƙarshen shekara ake lissafi, in ka ƙona fiye da haka a aiko maka da ciko.

Ajiya ba ta wuce haya mai sanyi ta wata uku, kuma doka ta ba ka damar biya kashi uku, ba sai gaba ɗaya ba. Masu gida ba kasafai suke faɗa wa baƙo wannan ba.

Abin da ya fi farashi muhimmanci shi ne rajistar adireshi. Cikin mako biyu da shiga gida dole ka yi rajista a ofishin gari, da takardar da mai gida ya sa wa hannu cewa a nan kake zaune. Lambar harajinka ta wannan hanyar take zuwa, in ta makara sai a yanki albashinka da haraji mafi tsanani har sai an gyara. Don haka duk ɗakin da aka ce maka babu rajista, komai arharsa, ba naka ba ne. Fara da ɗaki mai kaya na wata uku ko gidan haɗaka a shafin WG-Gesucht, ka tara takardun albashi uku, sannan ka nemi naka. Ka kuma tambaya ko akwai kicin: Jamusawa sukan ƙaura da nasu, har da wurin wanke kwanuka.

Ɗana zai tafi aiki Kanada, yayana yana Toronto ya ce ya sauka a wajensa. Ni uwa ce daga Pantami, ina jin nauyin a ce a biya ɗan'uwa kuɗin ɗaki. Ya kuke gani?

Hajiya, ya sauka, alheri ne babba. Amma kawun nan shi ma haya ko bashin gida yake biya duk wata, kuma in haya ce, wataƙila akwai ƙa'idar yawan mutanen da gidan zai ɗauka. Tun kafin yaron ya tashi, ku yanke wa'adi a tsakaninku, wata biyu ko uku, ya kuma ɗauki wani abu takamaimai a kansa, ko cefane ko kuɗin wuta, ba sai an kira shi kuɗin ɗaki ba. A wannan lokacin ya tara na fita: a lardin Ontariyo mai gida yana karɓar hayar watan farko da ta watan ƙarshe, ba a yarda ya karɓi ajiyar ɓarna a kan haka ba. Ya roƙi kawun nasa wasiƙar shaida, ko ya tsaya masa a wurin mai gida, domin ita ce gudummawar da ta fi ɗakin tsada. Amma ku sanar da kawun abin da tsayawar ke nufi: in yaron ya kasa biya wata ɗaya, shi za a bi.